Kafin A Aza Harsashin Wani Gidan Marayu

Da wuya majalisar dattawan wata ikilisiya ta zauna kan batun marayu ta tashi ba ta kafa kwamitin gini ba. Wani ya ba da fili, wani ya yi alkawarin bulo, a sa ranar ƙaddamar da gidauniya, a gayyato ɗan majalisa a matsayin babban baƙo. Idan watan Disamba ya kama, sai ƙungiyoyin matasa da na ma'aikata su kama hanya da katan-katan na taliya da buhunan shinkafa, a jera yara su rera waƙa, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida zuciyarsa wasai.

Babu mai shakkar niyyar masu yin haka. Lissafinsu ne abin tuhuma. Ikilisiyar da ta tara miliyoyin naira domin ta killace yara 'yan kaɗan a bayan katanga, alhali ninkin-ba-ninkinsu suna zaune a gidajen membobinta da na maƙwabtansu ba wanda ya taɓa rubuta sunayensu, ta zaɓi hanyar da ta fi tsada, wadda ta fi kai wa yara kaɗan, wadda kuma take raba yaro da danginsa. Ta kuma bar jarinta na gaskiya a kwance. Jarin ikilisiya shi ne mutanen da ke haɗuwa kowane mako, waɗanda suka san gidan da aka yi rashi, suka san kakar da ke riƙon jikoki biyar da kuɗin ƙosai. Gwamnati ba ta da wannan, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje ma sai sun biya kuɗi kafin su sami kwatankwacinsa.

Dalilin da ya sa maganar ba ta jira

Ikilisiyoyin Arewacin Najeriya sun binne iyaye da yawa a shekarun nan. A watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, da ke Kwarhi kusa da Mubi, kuma membobinta suka watsu zuwa Yola da Jos da Kamaru. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum 100 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi na Jihar Filato. Kudancin Kaduna da Binuwai na da nasu jerin. Kowane kabari a cikin waɗannan ya bar yara.

A ɗaya ɓangaren kuma rijiyar da aka daɗe ana ɗiba ta ja baya. Shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003 domin yaƙi da cutar ƙanjamau ya ware kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa ga marayu da yara marasa galihu, kuma da shi ne aka biya kuɗin makaranta da horar da masu ziyara a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar kuma ta rushe hukumar USAID. Duk ikilisiyar da ke jiran wata farar mota mai tambari ta zo ta ɗauke mata wannan nauyi, za ta daɗe tana jira. Abin da ya rage a hannu kaɗan ne, saboda haka inda za a zuba shi ya zama babbar tambaya.

Wane ne maraya?

Kuskuren ya fara ne daga kalmar kanta. Idan aka ce maraya daga kan mumbari, abin da ke zuwa wa mai sauraro shi ne jariri da ba shi da kowa a duniya. Alƙaluman UNICEF na 2015 sun nuna wani hoto dabam: cikin marayu kusan miliyan 140 a duniya, miliyan 15.1 ne suka rasa uwa da uba duka, kuma kashi 95 cikin 100 sun haura shekara biyar. Mafi yawansu suna tare da uwa, ko uba, ko kaka, ko wani ɗan'uwa. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta a 2009 cewa huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu suna da aƙalla mahaifi ɗaya a raye.

To me ya kai su can? Talauci ne, kuma sau da yawa kuɗin makaranta ne kawai. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara shida, idan aka ce mata ga wani gida da za a ciyar da biyu daga cikinsu a kuma sa su makaranta kyauta, za ta miƙa su tana hawaye. Ba a taɓa tambayarta ko za ta fi son a ba ta rabin kuɗin ta riƙe abinta ba. Ta haka gado ke neman mai kwanciya: da zarar an gina ɗaki an jera gadaje, dole a cika su, domin masu ba da gudummawa ba sa aika kuɗi ga ɗakin da babu kowa. Lamarin ya kai ga Ostareliya ta amince a 2018, lokacin da ta yi dokarta ta yaƙi da bautar zamani, cewa tara yara a gidajen marayu domin jawo kuɗin baƙi wani nau'i ne na safarar mutane. Mafi yawan gidajen da coci-coci ke ginawa ba su kai nan ba. Amma hanyar da ke kai wa can daga wannan ƙofa ta fara.

Abin da bincike ya nuna, har da wanda bai yi wa wannan ra'ayi daɗi ba

Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, duniya ta ga yara fiye da 100,000 a gidajen renon gwamnati na Romaniya. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin diddigin ƙananan yara 136 a birnin Bukares. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka mayar da su hannun iyalai masu riƙo da aka horar, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran ƙarfin fahimta da harshe da shaƙuwa da mai renonsu, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Darasin shi ne ƙaramin yaro na buƙatar mutum ɗaya tsayayye wanda ya san kukansa. Ma'aikata masu karɓa-karɓa, komai kirkinsu, ba sa cike wannan gurbi, balle baƙin da ke zuwa su rungume shi ranar Asabar su ɓace har wata shekara.

Masu kare gidajen marayu na da tasu hujja, kuma ba ta wasa ba ce. A 2009 Kathryn Whetten da abokan aikinta na Jami'ar Duke suka wallafa binciken yara kusan 3,000 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya da Indiya da Habasha da Kenya da Tanzaniya. Sun samu cewa waɗanda ke gidajen marayu ba su gaza takwarorinsu na cikin gari ba a lafiya da karatu, a wasu ma'aunan ma sun ɗara su. Sai dai a dubi waɗanda aka gwada su da su: marayu ne a gidajen talakawa, yawanci ba tare da wani tallafi ba. Gida mai samun kuɗi daga waje ya yi kunnen doki da gidan da aka bari da yunwarsa. Tambayar da ta dace ita ce me zai faru idan aka kai kuɗin nan gidan kaka. Bankin Duniya ya yi irin wannan lissafi a yankin Kagera na Tanzaniya a shekarun 1990, ya samu cewa riƙe yaro ɗaya a gidan marayu ya haura dala 1,000 a shekara, kusan ninki shida na tallafa masa a hannun iyali. Saboda irin waɗannan dalilai ne ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu suka ce talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyalinsa ba, kuma 'yan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata a rene su.

Matan Mutare

Akwai inda aka gwada ɗaya hanyar cikin yanayin da ya fi na yau muni. A shekarun 1990 cutar ƙanjamau ta kama kusan ɗaya cikin kowane manya huɗu a Zimbabuwe. A garin Mutare da ke gabashin ƙasar, wani likitan yara mai suna Geoff Foster ya jagoranci kafa ƙungiyar Kirista ta FACT a 1987, sannan a 1993 ƙungiyar ta fara shirin da ake kira FOCUS. Ba a aza bulo ko ɗaya ba. An je wurin coci-cocin ƙauyuka aka ce su fitar da 'yan sa-kai daga cikinsu. Mafi yawan waɗanda suka fito mata ne, da yawa gwauraye, wasunsu ma suna riƙon marayu a gidajensu.

Aikinsu na farko shi ne ƙirga: su bi gida-gida a yankinsu su rubuta duk inda akwai marayu, sannan su ware waɗanda halinsu ya fi tsanani, kamar gidan da yarinya 'yar shekara 14 ce uwa kuma uba, ko gidan da kaka ta kwanta ciwo. Aiki na biyu shi ne ziyara a kai a kai. Mai ziyara ta ga ko an ɗora tukunya, ta tambayi dalilin da ya hana yaro zuwa makaranta, ta taya gyaran ɗaki, ta tattara maƙwabta su nome gonar, ta yi addu'a da su. Taimakon kaya kaɗan ne, irin su iri na shuka da bargo da kuɗin firamare, kuma jama'ar wurin ne ke yanke wa za a ba. Tsarin ya bazu zuwa wasu yankunan Zimbabuwe da ƙasashen maƙwabta domin kuɗinsa kaɗan ne kuma kowace ikilisiya na iya kwaikwayonsa. Binciken da UNICEF ta ɗauki nauyinsa tare da wata ƙungiyar haɗin kan addinai a ƙasashen Afirka shida, wanda ya fito a 2004, ya tarar da irin wannan a ko'ina: ƙananan majami'u da masallatai ne ke ɗauke da babban kaso na aikin, da ƙarfin 'yan sa-kai, galibi ba tare da kuɗin waje ba.

Ruwanda ta mayar da abin manufar ƙasa. Daga 2012 ta fara rufe gidajen marayu tana mayar da yara cikin iyalai, sannan ta naɗa 'yan sa-kai biyu a kowane ƙauye, namiji da mace, kusan mutum 30,000 a faɗin ƙasar, waɗanda ake kira abokan iyali.

Me ya sa gini ya fi farin jini?

Domin gini ana ganinsa. Ana iya rubuta sunan mai bayarwa a jikin bango, ana iya yanke zare ranar buɗewa, ana iya aika hotonsa ga abokan hulɗa a ƙasashen waje. Wani bincike da cibiyar Barna ta yi a 2021 ya ƙiyasta cewa Kiristocin Amurka na aika kimanin dala biliyan 2.5 duk shekara ga gidajen marayu, kuma duk shugaban da ke neman tallafi ya san abin da ke buɗe wannan aljihu. Ziyarar da wata dattijuwa ta kai gidan gwauruwa da yammacin Talata ba ta da hoto, ba ta da allo. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba: gini na ba jama'a damar sayen hutu. Wanda ya ba da buhun siminti ya sauke nauyi sau ɗaya. Wanda aka haɗa shi da gida guda, aka ce nasa ne har yaran su gama sakandare, ya shiga abin da ba ya ƙarewa da tafi.

Abin mamaki shi ne Littafi Mai Tsarki da ake kafa hujja da shi ranar gidauniya yana nuna wata hanya ce dabam. Ayar ƙarshe ta sura ta farko a Wasiƙar Yakubu, wadda ta ɗaura sahihin addini a kan kula da marayu da gwauraye, ta yi amfani da kalmar harshen Girka mai ma'anar zuwa a duba mutum da ido, kuma tushenta ɗaya da kalmar bishop. Littafin Maimaitawar Shari'a ya ware zakkar shekara ta uku da kalar gona domin maraya da gwauruwa da baƙo, su ci a cikin garinsu. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, da aka yi ƙorafin ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu aikin. Esta a gidan ɗan'uwanta Mordekai ta tashi. Musulmi ma sun san wannan tsari daga tushe: Annabi Muhammadu (SAW) ya tashi a hannun kakansa Abdulmuɗɗalib, sannan baffansa Abu Ɗalib. Bahaushe kuwa ya riga ya ce ɗa na kowa ne.

A Arewa akwai ƙarin dalili. Gidan da ke tattara yara ya rufe ƙofa a kansu yakan jawo zargin sauya musu addini, ko da zargin ba shi da tushe, kuma an san inda irin wannan zargi ke kai gari. Tallafin da ya bar yaro a hannun danginsa, da sunansa da harshensa da addinin gidansu, ya toshe wannan kafa. Sharaɗinsa shi ne kada a sa zuwa coci ya zama kuɗin shiga. Zannah Mustapha, lauyan da ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri a 2007, ya karɓi 'ya'yan sojoji da na mayaƙan Boko Haram, Musulmi da Kirista, a aji ɗaya, ya kuma haɗa iyayensu mata cikin ƙungiyar sana'a. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Nansen a 2017. Ikilisiyar da ta taƙaita rajistarta ga masu katin baiko ta gaza wannan ma'auni.

Riƙo ma yana da nasa duhu

Za a ce dangin da ake yabo su ne ke mayar da ɗan riƙo bawa. Gaskiya ne. An san yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da sunan karatu ta ƙare a wanke-wanke da talla. An san 'yan'uwan miji da ke kwashe gona da kwanon rufi kafin a share makoki. An san gidajen da ake cin zarafin yaro a rufe baki domin gudun abin kunya. Amma duk waɗannan suna bunƙasa ne inda babu ido. Kawun da ya san cewa mutum biyu daga ikilisiya za su shigo sau biyu a wata, su nemi ganin yarinyar, su duba littattafanta, su kuma rubuta abin da suka gani, zai yi tunani kafin ya cire ta daga makaranta. Kuma katanga ba ta hana zalunci, sau da yawa ma ita ke ɓoye shi.

Za a kuma ce akwai yaran da ba su da inda za su je: jaririn da aka tsinta, yaran da hari ya raba da kowa nasu, wanda gidansu ne haɗarin. Akwai su, kuma suna buƙatar mafaka. Sai dai mafaka ta zama ƙarama, mai rajista da ma'aikatar mata da walwalar jama'a ta jiha, wadda daga ranar farko take neman dangi ko iyalin riƙo kamar yadda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da takwarorinta na jihohi suka tanada. Gidajen da suka riga suka tsaya ba sai an rufe su dare ɗaya ba, domin yin haka wata cutar ce. Ana iya mayar da su makarantun jeka-ka-dawo da wuraren koyon sana'a yayin da ake mayar da yara gida sannu a hankali.

Sa-kai ba kyauta ba ne

Akwai tarkon da ke jiran duk ikilisiyar da ta karɓi wannan shawara: ta jibga aikin a kan Zumuntar Mata, ta ce Allah zai saka, ta wuce. Matan zumunta a ECWA da COCIN da EYN da HEKAN sun daɗe suna wannan hidima ba tare da an rubuta ta a kasafin kuɗi ba, kuma da yawansu ba su fi waɗanda suke ziyarta ƙarfi ba. Majalisar da ta iya samo kuɗin tayil da na'urar sauti amma ta rasa kuɗin acaɓa ga mai ziyara, ta bayyana abin da ta fi so. Ɗan sa-kai na buƙatar horo, da adadin gidajen da zai iya ɗauka, da taron wata-wata inda zai faɗi abin da ya fi ƙarfinsa, da lambar jami'in walwala da zai kira. Dole a tantance shi kafin a ba shi yara, a riƙa zuwa biyu-biyu, kuma kada a fitar da maraya gaban jama'a ranar Lahadi domin a motsa zukata. Maza ma su fito, domin yaro ɗan shekara 15 da ya rasa uba yana neman abin da mahaifiyarsa da ƙawayenta ba za su iya ba shi ba.

A nan ne masu ilimi da sana'a ke da bashin da katan ɗin taliya ba ya biya. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, amma gwauraye da yawa ba sa ganin kuɗin, ko ajiyar fanshon mamacin, domin babu wasiyya kuma ba su san yadda ake samun takardar izinin kula da gado daga kotu ba. Lauya ɗaya a cikin ikilisiya zai iya warware wannan, kuma abin da zai fito ya fi baikon Lahadi da yawa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN ba zai yi rajistar JAMB ba, wannan kuwa aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san ofis. Ma'aikaciyar jinya ta duba katin rigakafi, malami ya zauna da ɗan aji shida awa biyu a mako, akanta ya riƙe littafin asusun domin kowa ya ga inda kuɗi ya shiga.

Saboda haka, ranar da aka shimfiɗa taswirar gini a gaban majalisar dattawa, ya kamata wani ya miƙe ya nemi a fara kawo rajista: gidaje nawa ne a unguwannin da ke kewaye da wannan majami'a suke riƙon yaran da suka rasa uwa ko uba, wa ke ziyartar kowannensu, kuma yaushe ya je na ƙarshe? Idan babu amsa, a naɗe taswirar a ajiye, a raba unguwannin ga mutane, a dawo bayan wata uku da sunaye.